Hayaƙin taba da mai juna biyu: wai da gaske akwai ƙarfe a ciki?

Admin:
Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da ɗari. Wata ƴar uwa ce ta turo min saƙo a keɓe ta ce in saka amma kar in faɗi sunanta, don Allah a amsa mata da mutunci, banda zagi banda habaici. Ga shi yadda ta rubuto:

"Ina da juna biyu, na tahi awo sai sajfam (ungozomar asibiti) ta tambaye ni ko akwai mai shan taba gidanmu, na ce maigida na sha. Ta ce a ina, na ce cikin ɗaki, balle yanzu da ake sanyi ƙofa da taga duk ruhe. Sai ta ce hayaƙin nan akwai ƙarahe masu guba ciki da ka iya kaiwa ga abin da ke cikina. Layi ya yi tsawo ban samu na tambaye ta da kyau ba. To ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya ƙarfe zai shiga hayaƙi? Kuma ita da kanta ta ba ni ƙwayoyin fer na ƙarin jini ta ce in sha kullum, shi fer ɗin ba ƙarfe ba ne? Ni dai ban taɓa sa taba a bakina ba. Masu sani ku taimaka."

Maman Ikram:
Allah ya raba lahiya ƴar uwa. Muna jiran Anti Sajfam da Mushe

Abban Walid:
Kai jama'a kowace shekara da sabon abin tsoro. Babana ya sha taba har ya tsufa, mu goma sha ɗaya ne gidan ga mu nan garau, ba wanda ya hito da ƙusa a ciki 😂

Maman Ikram:
Waɗanda sunka rayu ka ƙirga Abban Walid. Je ka tambayi Inna ɓari nawa ta yi, nawa ta haifa ba su yi suna ba.

Mushen Kimiyya:
Wa alaikum salam. Ba ƙarfen ƙofa ko rodi ake nuhi ba. Wasu ma'adanai ne da ke cikin ƙasa tun asali, kadmiyom, dalma, arsenik, nikel da sauransu. Shi tsiron taba Allah ya yi shi da wani hali, shina jan kadmiyom daga ƙasa ya tara cikin ganye fiye da mafi yawan tsirrai, sannan takin zamani mai fosfat da ake zuba mishi shi ma yana zuwa da ɗan nashi kadmiyom. Ganyen nan dai shi ake busarwa a yanka a naɗe. Karan sigari guda na ɗauke da kamar mikrogiram 1 zuwa 2 na kadmiyom, mikrogiram kuwa giram guda ne ka raba gida miliyan. To lokacin da mai sha ya zuƙa, wutar da ke bakin karan na kai wajen digiri 900, shi ko kadmiyom a digiri 767 yake tafasa, ka ga kenan tashi zai yi ya bi hayaƙi cikin ƙura-ƙura da ido ba ya gani. Wani abin da mutane ba su sani ba, hayaƙin da ke tashi daga bakin kara lokacin da yake riƙe a hannu ko aje bakin gado bai bi ta audugar gindi ba, kai tsaye yake shiga ɗaki, kuma guba da yawa sun hi yawa cikinshi. Shi ne matar ke shaƙa.

Abban Walid:
Mushe kai da bakinka ka ce giram raba miliyan. A kan wannan ne za a hana mutum sakewa gidanshi?

Ɗan Farmasi:
Abban Walid matsalar ba yawan abin da ke shiga yau ba ne, rashin hita ne. Kadmiyom in ya shiga jiki ƙoda da hanta yake zama, kuma kahin rabin abin da ya shiga ya hita sai an yi shekara 10 zuwa 30. Kamar asusu ne da ake jehwa dala-dala ba a hwasawa. Sannan huhu ya hi hanji jan shi nesa ba kusa ba, wanda ya shigo ta abinci kamar kashi 5 cikin 100 ne ke wucewa cikin jini, wanda ya shigo ta numfashi kuwa ya ninka haka sau da yawa. Shi ya sa in an auna jinin mai shan taba ana samun kadmiyom ninki huɗu ko biyar na wanda ba ya sha. Ga wadda ke shaƙar na wani, adadin bai kai haka ba, wannan gaskiya ce, amma ka tuna hayaƙin ba ƙarfe kaɗai ke ciki ba, sinadarai sun hi 7000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna kawo kansa. Hukumar lahiya ta duniya OMS ta ce mutanen da hayaƙin wani ke kashewa a duniya duk shekara sun hi miliyan guda, mutanen da ba su taɓa sayen kara ba.

Anti Sajfam:
Salam, yanzu na sauka aiki. Ɗiyata mai tambaya, abokiyar aikina ta yi daidai da ta tambaye ki, tun 2013 OMS ta ce duk mai ciki da ta zo awo a tambaye ta batun taba, nata da na mutanen gida, sai dai yawan jama'a kan sa mu tsallake.

Bari in yi miki bayani yadda muke yi wa mata. Duk abin da ɗa ke ci ta mabiyiya yake bi ya shiga cibiya. Kadmiyom mabiyiya na tare mafi yawanshi, sai ki ce to alhamdulillahi, amma a'a, nan yake taruwa cikinta ya dagula mata aiki, musamman wucewar zinc wanda ɗa ke buƙata don girma. Dalma kuma ba ta san shinge ba, wucewa take abinta, abin da ke jinin uwa kusan shi ake samu a jinin cibiya, kuma ƙwaƙwalwar ɗa take taɓawa. Ba a da wani adadi na dalma da za a ce wannan ba komi. Ki ƙara da iskar nan mai guba ta hayaƙi, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, da nikotin da ke matse jijiyoyi. Dukansu waje guda suke kai mu: ɗa ba ya samun abinci da iska yadda ya kamata.

Abin da muke gani kuwa shi ne ɗa ya cika wata tara cur amma a ɗora shi kan sikeli bai kai kilo 2 da rabi ba. Fata duk ta yamutse a cinya, hannu bai hi babban yatsana kauri ba, ka taɓa tafin ƙafa sanyi ƙalau, a sa shi a nono ya ja sau biyu ya yi barci don gajiya. Sai mu ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata, dangi na waje suna tambaya yaushe za a sallame su don an riga an sayi rago. Ban ce duk ƙaramin ɗa taba ce sila ba, a Maradi zazzaɓin sauro da ƙarancin jini da haihuwa kusa-kusa su ne manya. Amma mace da ke ɗauke da waɗannan duka sannan a ƙara mata hayaƙi cikin ɗaki ruhe, haba.

Ummu Sudais:
Innalillahi. Anti to batun fer ɗin hwa? ni ma na daina sha don yana sa ni tashin zuciya kuma bayan gida ya yi baƙi

Anti Sajfam:
Ki koma ki sha tun yau. Baƙin bayan gida ba ciwo ba ne, haka yake yi wa kowa. In tashin zuciya ne ki sha da dare bayan tuwo. Fer shi jiki ke gina jini da shi, mai ciki na buƙatar miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid. Ɗan Farmasi ƙara musu bayanin hanjin nan kai ka hi ni iya shi.

Ɗan Farmasi:
To Anti. A cikin hanji akwai wata hanya da fer ke bi ya shiga jini. In jiki ya rasa fer sai ya ƙara buɗe hanyar don ya kamo ko kaɗan ne, to kadmiyom ma ta nan yake bi, dalma ma ta hi shiga jikin da ba shi da fer. Ma'ana mace mai ƙarancin jini ta hi kwasar gubar ko da tukunya guda suka ci da mijinta. Shi ya sa a ƙasashe da yawa in an cire masu shan taba ana samun kadmiyom jikin mata ya hi na maza. A Japan, yankin Toyama, inda ruwan ma'adinai ya gurɓata gonakin shinkafa da kadmiyom, cutar da suke ce ma itai-itai mafi yawa mata ta kama, waɗanda sunka yi haihuwa da yawa, ƙashi ya yi laushi yana karyewa, a 1968 gwamnatinsu ta amsa cewa kadmiyom ne. Wancan guba ce mai yawan gaske ba irin ta ɗakin mai tambaya ba, na kawo shi ne don a ga wa abin ya hi kamawa. Don haka fer ɗin nan kariya ne. Kuma don Allah kar a kora shi da shayi, shayi na hana shi shiga, a bar tazara kamar awa biyu, in da lemun tsami ko gwaba ko tumatir a haɗa.

Maman Ikram:
Shayi kuma?? Mu da maigida ke aiko muna da na biyu da na uku daga fada 😭

Hajiya Babba:
Ɗiyata ce ka rubuta min. Ku yara kuna ta zancen sigari kun mance da taba gari. Mu zamaninmu tsohuwa na da ɗan batta ƙugunta, taba da kanwa, ta dunƙula ta sa ƙasan leɓe, wata kuma hure da goro don haƙora su yi ja. Har yau ƙauye akwai masu ciki da ka sa ta wai maganin miyau da ciwon haƙori. Wagga ba ta da hayaƙi, ita ma akwai ƙarhen?

Mushen Kimiyya:
Ranki ya daɗe Hajiya, akwai. Ganyen guda ne, abin da ya ja daga ƙasa na nan ciki ko an ƙona ko ba a ƙona ba. Kanwar ma aikinta ta sa nikotin ya shiga jini da sauri ta fatar baki. Masu zaman ɗaki dai sun huta da hayaƙi, amma mai ciki in ita ke sawa ɗanta bai huta ba.

Na Jiratawa:
Kakana fadama ya noma taba shekara da shekaru, taki na shanu kawai. Tamu ta gida ba irin ta kamfani ba ce, ba sinadari

Mushen Kimiyya:
Ba kamfani ke zuba kadmiyom ba ɗan uwa, ƙasa ke ba da shi. Wata ƙasar ta hi wata, iyaka kenan.

Ɗan Fada 227:
Ni shi ya sa na bar sigari na koma shisha, ruwa na tace komi, ƙamshin tuffa kawai. Madam ma ba ta ƙorafi har cewa take ɗaki ya yi ƙamshi

Ɗan Farmasi:
Kai ƙanena, naka ya hi na Abban Walid muni. Ruwan sanyaya hayaƙi yake yi don ka iya zuƙa mai yawa ba tare da tari ba, guba kaɗan yake riƙewa. OMS tun 2005 ta yi gargaɗi cewa zama guda na kamar awa ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na kara 100 ko sama da haka in yawan hayaƙi ake magana. Sannan ga gawayi a kai, wanda shi kanshi ke ba da iskar nan mai guba da Anti ta faɗa, har da nashi ƙarahe. Ɗaki ruhe, gawayi na ci, mai ciki kwance, ana samun waɗanda ake kwasa sumamme daga irin wannan zama. Mali ma a 2022 hana shisha suka yi baki ɗaya.

Ɗan Fada 227:
To wadda ba nikotin hwa, ta ƴaƴan itace

Ɗan Farmasi:
Gawayin ƴaƴan itace ne shi ma?

Maman Ikram:
🤣🤣 a bar shi haka ya ji

Baƙo daga Anka:
Assalamu alaikum, ni mutumin Zamfara ne kasuwanci ya zaunar da ni nan Sabon Gari. Da na ga an ambaci dalma jikina ya yi sanyi. Ku ba ku ga abin da ta yi ba, mu mun gani a 2010. Mutane na kawo dutsen zinari gida, mata na daka shi a turmin da ake daka hatsi, ana niƙa a injin cikin gari, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dareta, Abare, Ƴargalma, daga baya Bagega. Yara sama da 400 suka rasu, yaro na wasa sai sanƙarewa sai suma, ana cewa iska ce ko sanƙarau, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura aka auna jini. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin a fara ba yara magani. Mata da yawa sun yi ɓari a lokacin. Na san taba ba ta kai wannan ba ko kusa, amma ina roƙon masu zuwa haƙar zinari wajen Ɗan Isa da sauran wurare, kar ku kawo dutse gida, kar ku shiga ɗakin mai ciki da kayan aiki a jiki, kuma masu ƙona zaiba su yi nesa da gida.

Anti Sajfam:
Allah ya jiƙansu. Na gode da ka kawo wannan Alhaji, don akwai abu guda game da dalma da ya kamata mata su sani. Fiye da kashi 90 na dalmar da ke jikin babba cikin ƙashi take ɓoye, tana iya shekaru a can. In ciki ya shiga, jiki na ɗebo kalsiyom daga ƙashin uwa don gina na ɗa, sai dalmar da ta kwanta tun tana budurwa ta biyo ta dawo cikin jini. In uwa na samun kalsiyom isasshe ɗibar na raguwa. Nono, kindirmo, fura da nono mai kyau, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, zogale, kuka. Abinci ne namu, ba sai na boko ba.

Ummu Sudais:
Irin abin da ya samu yaran Tibiri kenan da ƙafafu sunka lanƙwashe?

Mushen Kimiyya:
A'a wancan sinadarin fuliyo (fluor) ne ya yi yawa cikin ruwan sha, daban yake, ba ya cikin waɗannan ƙarahe. Amma tunda an buɗe babin dalma bari in tsokano tsuliyar dodo: kwalli.

Hajiya Babba:
Mushe ka kiyaye ni. Kwalli kuma mi ya yi? Da shi anka buɗe muna ido, da shi munka buɗe ma ɗiyanmu

Mushen Kimiyya:
Tuba nake Hajiya amma sai na faɗa. Kwallin dutse mai walƙiyar nan da ake niƙawa, mafi yawanshi dutsen dalma ne. A Amurka, birnin Boston, an taɓa samun jariri ɗan asalin Najeriya da dalma ta hau jininshi, da anka bincika sai ga tozalin da ake sa mishi, anka auna dalma ta hi kashi 80 cikin 100, hukumar lahiyarsu CDC ta hitar da rahoton a 2012. Jariri na murza ido ya sa hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Haka farar ƙasa da masu ciki ke ci don kwaɗayi, an sha aunawa a samu dalma da arsenik, kuma tana hana fer shiga.

Malam na Limanci:
Mushe a yi hattara, tozali sunna ne. Sai dai wanda ya zo a hadisi ismid ne, ba kowane baƙin dutse da ake sayarwa a tire ba, in masana sun tabbatar wani na cutarwa to barinshi ya zama dole. Batun taba kuwa, malamai sun yi saɓani a da kan mai sha shi kanshi, wasu karhanci wasu haramci, amma ban san malamin da ya halatta ma mutum cutar da matarshi da abin da ke cikinta ba. La darara wa la dirara. Ɗaki haƙƙinta ne, kai ka kawo ta ka aje.

Abban Walid:
To yanzu an taru a kaina har da Malam. Ku kuna ganin daɗi ne? Na hi shekara goma ina sha, in ban sha ba da dare kaina kamar zai tsage, barci ba ya zuwa. Ni dai ina buɗe taga in kunna bantilater

Anti Sajfam:
Ba wanda ya ce sauƙi ne ƙanena, nikotin kamu yake da gaske, kwanakin farko su ne masu wuya daga nan yana sassautawa, in ka shirya ka zo a yi magana. Amma abin da ake roƙonka yau bai kai bari ba: ka hita waje. Taga da bantilater ba sa hidda shi, juya shi suke cikin ɗaki. Waje kuma ba bakin ƙofa ba inda iska ke maido shi, ƙofar gida can. Sannan hayaƙi na kwanciya kan labule, katifa, gidan sauro, rigarka, gemunka. Ka shiga ɗakin mai sha ko ba ya nan ka shafa bangon kusa da gado ka sansana hannunka. In ka gama ka wanke hannu da baki, rigar da ka sha da ita ka rataye ta waje. Bayan haihuwa ma haka, don jaririn da ke kwana cikin hayaƙi ya hi shiga haɗarin mutuwar cikin barci da ciwon haƙarƙari.

Abban Walid:
Cikin ɗarin nan ƙarfe sha ɗaya na dare in tsaya ƙofar gida kamar gardi

Maman Ikram:
Fada kuna kai ƙarfe ɗaya kuna belot ɗari bai kashe ku ba

Hajiya Mai Sirrin Mata:
Ƴan uwa kar ku damu akwai maganin wankin jini na gargajiya da na Islamik, yana hidda duk wata guba da ƙarfe cikin kwana bakwai, mai ciki na iya sha, jaka uku kacal a yi min magana

Ɗan Farmasi:
Admin a goge wannan don Allah. Babu wani jiƙo ko gari da ke ciro kadmiyom daga ƙoda. Dalma akwai maganin da ke kamo ta, shi anka ba yaran Zamfara, amma a likita ake ba da shi bayan an auna jini an ga ta yi yawa ƙwarai, kuma ga mai ciki lokotoro kan yi taka-tsantsan sosai. Wasu garin magungunan da ba a san tushensu ba ma su kansu ake samun dalma ciki.

Admin:
An goge. Hajiya talla ranar Juma'a ce. Mai tambaya ta sake turowa: "Na gode ƙwarai. To in tahi in yi analis ne a ga ko ƙarhen ya shiga? Kuma in ya riga ya shiga shi kenan ɗan ya cutu?"

Anti Sajfam:
Kwantar da hankalinki ɗiyata. Awon kadmiyom ko dalma ba analis ba ne da ake yi a ƙaramin asibiti irin CSI, kuma ko kin kashe kuɗɗi kin yi, abin da za a ce miki shi ne wanda munka faɗa: a raba ki da hayaƙin, ki sha fer. Wadda ya kamata ta matsa a auna mata dalma ita ce wadda ake fasa batir ko narka shi gidansu, ko ake aikin zinari, ko ta daɗe tana cin farar ƙasa, wannan ta faɗa ma lokotoro ƙarara. Ke abin da za ki nema a duba miki yawan jini, in ya gaza 11 akwai ƙaranci, a duba tansiyo, a auna tsawon ciki kowane zuwa, in da hali ekografi. Ɗa ya hi yin nauyi a watanni ukun ƙarshe, don haka duk ranar da hayaƙi ya bar ɗakin riba ce. Kar ki tsallake awo, yanzu sau 8 ake so. In kin haihu kuma ki ba da nono, kar wani ya ce miki nononki ya gurɓace.

Na Jiratawa:
Wai ba doka ne a ƙasar nan? Tasha, cikin mota, har bakin lakkol ana sayar da kara ɗai-ɗai

Mushen Kimiyya:
Akwai, doka mai lamba 2006-12 ta watan Mayun 2006, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya, ta hana sayar ma yara. Aiki da ita ne sai a hankali. Kuma ko an yi aiki da ita ɗari bisa ɗari ba ɗan sandan da zai shiga ɗakin aurenka.

Amaryar Bagalam:
Ni tawa ta hi ta kowa wuya. Nawa mijin ba ya sha, Baba ne, mahaihinshi. Gidan gandu muke, kullum bayan la'asar shina zama zaure ko ƙarƙashin rumfa dab da tagata, kuma ni ke kai mishi ruwa da abinci in durƙusa har ya gama sa min albarka hayaƙi na bugun huskata. Ɗanshi ko kallon ido ba ya iya yi mishi. Ta ina zan fara?

Malam na Limanci:
Ba ke za ki fara ba. Ki faɗa ma mijinki, shi kuma ya nemi aminin Baba ko limamin unguwa.

Hajiya Babba:
Malam wagga hanya doguwa ta, kahin liman ya samu lokaci an yi suna. Ɗiyata ki bi ta uwar mijinki. Ki same ta ɗaki ki ce Inna likita sun ce jikanku ba ya son hayaƙi, kada ki ce Baba na cutar da ke, ki ce jikanku. Ita ta san sa'ad da ta ka gaya mai, shekara arba'in tana hama da shi. Abinci kuma a ba yaro ya kai, mai ciki an ɗauke mata durƙuso dama.

Amaryar Bagalam:
Inna ta rasu bara Hajiya, kishiyarta ce a gidan kuma ba ma shiri sosai

Anti Sajfam:
To ki zo da karnenki awo na gaba ki ce ma duk sajfam ɗin da kika tarar ta rubuta a ciki da jan biro cewa a nisanta ki da hayaƙin taba, ta buga kashe (hatimi). Mijinki ya kai ma Baba ya ce ga abin da likita suka rubuto, ba shi ya faɗa ba, ba ke kika faɗa ba. Tsofaffi na jin maganar takarda mai kashe. Tabarmar kuma a matsar mishi da ita gindin bedi can ƙofar gida a ce don ya hi samun masu gaisuwa.

Amaryar Bagalam:
Baba ba ya karatun boko

Hajiya Babba:
Jan biro da kashe ya ka duba. Ɗan nashi ya karanta mai.